Gyaran Akori-kura Don Shiga Daji Da Hamada: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Da zarar damina ta yi nisa, hanyoyin burji suka jiƙe, rafuka suka kawo, sai kasuwar masu gyaran mota mai jan ƙafa huɗu ta buɗe. Wanda ya zaga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Ikko, zai tarar da masu akori-kura suna cinikin sifirin da shokazoba da manyan tayoyi, kowa da irin hanyar da ke gabansa. Wani ɗan kwangila ne da zai kai siminti ƙauyen da kwalta ba ta isa ba, wani mai sayen amfanin gona ne da ke shiga fadama, wani ma'aikacin asibiti ne mai kai allurar rigakafi rugage, wani kuwa hawan dutsen Mambila ne ya dame shi, inda har yanzu tsofaffin Land Rover ke jigilar mutane da kaya. Akwai kuma samarin birni waɗanda ba su da wata hanya mai wuya a gabansu, sai dai sha'awar a ga motarsu ta ɗara ta kowa tsawo.

Dukansu abu guda suke roƙon bakanike, watau a ɗaga motar, a ƙara mata ƙarfi. To, ɗaga mota ba shi da wuya, bakanike mai yara biyu zai gama shi kafin la'asar. Inda gizo ke saƙar shi ne, injiniyoyin da suka ƙera motar sun auna kowane ƙarfe nata da ɗan'uwansa, ta yadda in aka taɓa ɗaya sai sauran sun amsa. Mai motar da bai san haka ba yakan kashe kuɗi masu yawa ya koma gida da motar da ta fi ta da kyan gani, amma ta fi saurin kifewa, birkinta ya ragu, aksil ɗinta kuma yana jiran ranar karyewa. Saboda haka wannan fili zai bi gyare-gyaren nan ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda ke da amfani, da wanda ke da tarko a cikinsa.

YADDA MOTOCIN SUKA YI SUNA

Kamfanin Toyota na ƙasar Japan ya fito da Hilux cikin shekarar 1968, amma sai a 1979 aka sami irinta mai jan ƙafa huɗu. Cikin 1984 kuma ya fito da Land Cruiser samfurin 70, wanda har yanzu ake ƙera shi, kuma daga zuriyarsa ne aka sami akori-kurar nan samfurin 79 a 1999, wadda ta cika hamada tun daga Muritaniya har Sudan.

Abin da ya fi ɗaukaka sunan motocin nan a nahiyar Afirka shi ne yaƙin Chadi da Libiya na 1987, wanda duniya ta laƙaba wa suna Yaƙin Toyota. Sojojin Chadi a ƙarƙashin Hasan Jamus, da akori-kura kimanin 400 da makamai masu fasa tanka waɗanda Faransa ta ba su, suka ci garin Fada ran 2 ga Janairu, suka kuma kama babban sansanin Wadi Dum cikin watan Maris, alhali kuwa abokan gabarsu na da tankoki da jiragen sama. Abin lura a nan shi ne, abin da ya ba su galaba shi ne rashin nauyin motocin, da saurinsu, da sanin ƙasa da direbobin suka yi. Tanka mai nauyi tana lallaɓawa cikin rairayi, ƙaramar mota ta kewaye ta.

Wani abin da ke ruɗin samari shi ne tseren Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978 daga birnin Faris, ya riƙa ratsa Agadas da hamadar Tenere, kafin a mai da shi Amurka ta Kudu a 2009, sa'an nan ƙasar Saudiyya a 2020. Gaskiya ne mota mai sunan Hilux ta ci wannan tsere a 2019 a hannun Nasir Al-Attiya na ƙasar Katar, ta kuma sake ci bayan haka. Amma wannan mota suna da kamannin fuska kawai ta haɗa da wadda ake sayarwa a kasuwa. Ƙirarta daban ce tun daga shasi, kuma kowane dare akwai rundunar kanikawa da ke kwance ta su ɗaura. Mai buhunan masara ashirin da ke kwatanta motarsa da ita ya ɗauki ma'aunin da ba nasa ba.

TAFIYAR ƘARFI DAGA INJI ZUWA TAYA

Kafin mutum ya taɓa kome, wajibi ne ya san hanyar da ƙarfin inji ke bi. Daga inji ƙarfi yakan shiga kuloci, ya wuce giyabos, sa'an nan ya faɗa wani akwatin giya na biyu wanda direbobi ke kira ogzileri. Wannan akwati aiki biyu yake yi. Na farko, shi ke raba ƙarfi tsakanin furofelar baya da ta gaba. Na biyu, yana da ƙaramin giya wanda ke rage gudu ya ninka ƙarfi. A tsohuwar Hilux ninkin nan 2.28 ne. In aka haɗa shi da giya ta ɗaya mai kimanin 3.95 da haƙoran aksil masu 4.10, lissafi zai ba da kusan 37, watau sai inji ya juya sau 37 kafin taya ta juya sau ɗaya. Da wannan ne mota ke hawa gangare tana tafiyar hawainiya ba tare da an ƙona kuloci ba.

A Amurka, inda hawan duwatsu da mota ya zama wasa, ana sayar da haƙoran ogzileri masu ninki 4.7, waɗanda ke kai wancan lissafi wajen 76. Wannan gyara yana da amfani ga mai bin hanyar duwatsu da kwazazzabai. Ga mai shiga rairayi kuwa amfaninsa kaɗan ne, domin tudun yashi da ɗan gudu ake cinsa, motar da ta cika jan jiki sai ta tona wa kanta rami.

Akwai kuskure guda da ke kashe ogzileri fiye da kowane dutse, shi ne tafiya da ƙafa huɗu a kan kwalta. Yawancin akori-kura ba su da abin da ke sassauta tsakanin gaba da baya, in an sa ogzileri furofela biyun a ɗaure suke kamar shanun huɗa a karkiya ɗaya. A kan kwana kuwa ƙafafun gaba sun fi na baya yin nisa. A cikin taɓo ko yashi taya takan ɗan zame, bambancin ya fita. A kan kwalta babu zamewa, sai ƙarafa su yi ta murɗuwa har sitiyari ya yi tauri, giyar ta ƙi fita, daga ƙarshe wani abu ya karye. Direban da ya fito daga burji ya hau kwalta, abin da zai fara yi shi ne cire ogzileri, in kuma motarsa mai makullin cibiyar ƙafar gaba ce, ya sauka ya kwance shi.

MAKULLIN AKSIL

A tsakiyar kowane aksil akwai wani dunƙulen ƙarfe mai kama da tulu, wanda kanikawa ke kira difarensha. Aikinsa shi ne ya bar tayar waje ta fi ta ciki gudu a kan kwana. Sai dai yana da hali guda mai ban haushi: kullum ƙarfin da yake bai wa tayoyin biyu daidai yake, kuma ba ya wuce abin da mai raunin riƙo a cikinsu za ta iya ɗauka. Shi ya sa akan ga mota ta kafe, taya ɗaya tana cikin taɓo tana ta wulwulawa, 'yar'uwarta kuwa tana kan busasshiyar ƙasa ko motsi ba ta yi. In haka ta faru gaba da baya a lokaci ɗaya, motar da ake kira mai ƙafa huɗu ta koma mai ƙafa biyu, biyun ma marasa amfani.

Maganin wannan shi ne makullin aksil, wanda ke ɗaure tayoyin biyu su juya tare ko ana so ko ba a so. Akwai mai aiki da lantarki, irin wanda Toyota ke sa wa waɗansu Hilux na zamani a aksil ɗin baya, da waɗansu Land Cruiser gaba da baya. Akwai mai aiki da iska, wanda kamfanin ARB na ƙasar Ostireliya ya yi suna da shi, sai dai yana bukatar famfon iska da bututu, kuma bututun nan in ya huje makullin ya tashi aiki. Cikin dukan gyare-gyaren da ake yi wa ƙarfin mota, makullin baya shi ne ya fi biyan kuɗinsa, domin mota mai tsawonta na asali da makulli takan wuce inda doguwa marar makulli ta kwana. Sharaɗinsa shi ne a sa shi ana tafiya a hankali, littafin Toyota ma ya hana a wuce kilomita 8 a sa'a da shi, kuma a cire shi da zarar an fita daga wurin wuya, domin mota mai kulle ba ta son kwana.

Akwai kuma gyaran araha da waɗansu ke yi, watau su buɗe difarensha su narka wa haƙoransa walda, ya zama kulle na har abada. Motar za ta yi abin mamaki cikin taɓo, amma a kan kwalta kowace kwana sai taya ta ja ƙasa, sandunan aksil suna murɗuwa, ranar ruwa kuwa bayan motar ya riƙa neman wuce gabanta. In da kaya a kanta, karyewar sandar aksil magana ce ta lokaci kawai. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

MANYAN TAYOYI DA LISSAFINSU

Abin da yawancin masu mota ba su sani ba shi ne, ko an ɗaga mota ta kai tsawon raƙumi, tulun aksil ɗin baya yana nan inda yake, domin a kan taya yake zaune. Shi ne kuwa ke fara dukan dutse ko tudun tsakiyar hanya. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma rabin abin da aka ƙara mata ake samu. Wanda ya cire taya mai tsawon inci 31 ya sa mai inci 35, inci 2 kacal ya ƙaru da shi a ƙarƙashin aksil.

Ga kuma abin da ya biya. Babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a juyi ɗaya, saboda haka malejin da ke nuna kilomita 100 ƙarya yake yi, motar tana gudun kusan 113 ne. Ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da fiye da kashi 10 cikin 100, sai motar ta yi sanyi wajen tashi, direba ya yi ta riƙe kuloci, inji ya yi ta zafi a kan tudu, mai kuma ya yi ta tafiya. Birki ma ya ragu da gwargwadon haka, domin faifansa bai ƙaru ba amma tayar da zai tsayar ta ƙara tsawo da nauyi. Boris da ƙarafan sitiyari su ma sun sami ƙarin aiki.

In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Wanda ya ƙara taya da yawa, tilas ne ya sauya haƙoran difarensha don ya mai da ƙarfin da ya ɓace. Lissafin ba shi da wuya: a ninka lambar haƙoran asali da tsawon sabuwar taya, a raba da tsawon tsohuwa. Watau 4.10 sau 35, a raba da 31, ya ba da 4.63. Haƙoran da ake samu kusa da wannan su ne 4.56 da 4.88, mai ɗaukar kaya kuwa na biyun ya fi dacewa da shi. Wajibi ne a sauya gaba da baya tare, lamba ɗaya, domin in suka saɓa, ranar da aka sa ogzileri rabin mota zai riƙa jayayya da rabi. Haka nan kuma ba a haɗa tayoyi masu tsawo daban-daban a mota mai ƙafa huɗu, har da tayar safiya. Ɗaura haƙoran nan kuwa aikin gwani ne mai ma'auni, in an bar su sun matse ko sun saki, kuka za su fara, su cinye juna cikin 'yan watanni.

Akwai wata dabara da ta fi babbar taya aiki cikin rairayi, kuma ko kwabo ba a biya, ita ce rage iska. Jaki yakan nutse inda raƙumi ke tafiya a sake, domin tafin raƙumi shimfiɗaɗɗe ne. Tayar da ke ɗauke da awo 32 zuwa 35 a kan kwalta, in aka sauke ta zuwa 15 ko 18, sai tafinta ya ƙara tsawo, motar ta hau bisa yashi maimakon ta huda shi. Direbobin Agadas da Bilma sun daɗe da sanin wannan. Amma taya mai ƙarancin iska ba ta son gudu, ba ta son kwana mai kaifi, kuma dole a mai da mata iskarta da an hau ƙasa mai tauri, in ba haka ba ta yi zafi ta fashe. Don haka famfon iska mai kyau ya fi fitilun ado goma daraja.

SIFIRIN DA ƊAGA MOTA

Tsofaffin Hilux suna da aksil guda miƙaƙƙe a gaba, bisa sifirin mai falle-falle, kuma a ƙasashe da yawa haka aka yi ta sayar da su har 1997. Irin waɗannan ɗaga su da sauƙi. Na zamani kuwa kowace ƙafar gaba zaman kanta take yi, da hannuwa biyu, ƙarfi kuma yana isa gare ta ta wata gajeriyar sanda mai gaɓoɓi a cikin rigar roba. In aka ɗaga irin wannan mota, sandar nan takan karkace fiye da yadda aka yi ta, gaɓoɓinta su riƙa ci, robar ta yage, giris ya zube, ƙasa ta shiga. Shi ya sa masana wannan aiki suka tsaya a kan inci 2, watau milimita 50, a matsayin iyakar ɗagawar da ba ta bukatar a sauya waɗansu ƙarafa. Wanda ya wuce haka sai ya sauya hannuwan sama, ya sauko da difarenshan gaba, ya sake saitin ƙafafu, kuɗin kuma ya ninka.

Ko ɗagawa kaɗan ce, akwai abubuwan da ke biye da ita. Shokazoba ta asali ba za ta kai sabon tsawon ba, in an bar ta ita za ta riƙa riƙe aksil in ƙafa ta faɗa rami, har ta tsinke. Tiyon birki ma haka, kuma tsinkewarsa ba ta da gargaɗi. Furofela takan sami sabuwar karkata, motar ta kama rawa a wani gudu. A tsofaffin motoci akwai wani ɗan famfo a bayan shasi, da sanda zuwa aksil, wanda ke auna nauyin kaya ya ƙara wa ƙafafun baya birki. In aka ɗaga mota ba a gyara sandar nan ba, famfon zai ɗauka motar wofi ce ko da tana ɗauke da tan guda, sai ya rage birkin baya a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Ƙusoshin nan masu lanƙwasa da ke ɗaure sifirin da aksil kuma ba a maimaita su, in an kwance sai a sa sababbi, a sake ɗaure su bayan tafiyar farko.

Babban haɗarin dai shi ne kifewa. Cikin 2016 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin mai suna Teknikens Värld ta gwada sabuwar Hilux ɗauke da kaya, a irin gwajin kauce wa dabbar da ta faɗo hanya ba zato. A gudun kilomita 60 kacal ƙafafu biyu suka bar ƙasa, saura ƙiris motar ta kife, har daga baya kamfanin ya yi gyara a na'urar da ke daidaita ta. To, wannan mota ce yadda ta fito daga masana'anta. Mai karatu sai ya auna abin da zai faru da wadda aka ƙara wa inci 4, aka ɗora mata tayoyi biyu da jarkoki a rufi, sa'an nan saniya ta ratso mata hanya tsakanin Zariya da Funtuwa.

NAUYIN KAYA DA DARASIN HAMADA

Gyaran da ya fi yawa a ƙasashen Hausa shi ne ƙarin fallen sifirin a baya, domin mota ta ɗauki kaya ba ta zauna ba. Falle ɗaya ko biyu ga motar da kullum cikin lodi take ba laifi ba ne. Amma sifirin mai tauri yana hana ƙafafu bin ƙasa, sai taya ɗaya ta riƙa rataya a wurin da ba daidai ba, kuma dukan da sifirin ya ƙi sha, shasi ne ke shansa. Abin da ya fi wannan muni shi ne, ƙarin falle yana ɓoye nauyi ne kawai. Motar ta miƙe tsaye, mai ita ya ga kamar da sauran wuri, alhali aksil da boris da birki da taya suna nan yadda suke. Hilux kimanin tan 1 aka yi ta ta ɗauka, har da direba da fasinja. Sandar aksil ɗinta na baya ita ke juya taya, ita kuma ke ɗauke da nauyi, saboda haka in ta karye taya na iya ficewa gaba ɗaya. Land Cruiser 79 ta fi ta a nan, domin nauyinta a kan bututun aksil yake, sandar juyi kawai take yi. Motoci masu gida biyu kuwa, waɗanda akorinsu ya zarce ƙafar baya, in aka tara nauyi a can ƙarshe shasinsu yakan lanƙwashe a tsakanin gida da akori, kuma shasin da aka yi wa walda barkatai ba ya komawa kamar da.

Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar hanyar Agadas zuwa Dirku da Libiya. A can akan ɗora wa Hilux ɗaya mutum ashirin da biyar ko fiye, suna zaune a gefen akori ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo. In aka ƙaddara kowane mutum kilo 60 ne, an sami kilo 1,500. A ƙara duro guda na mai, wajen kilo 170, da jarkar ruwa goma masu lita 25, watau kilo 250, lissafi ya doshi tan 2 tun ba a sa jakar kowa ba. Motar da ke ɗauke da ninkin abin da aka yi ta dominsa, cikin zafin da ke dafa taya, kowane ƙarfe nata a bakin iyakarsa yake.

A kan hanyar Kano zuwa Kaduna lalacewar mota ɓata lokaci ce. A Tenere kuwa hukuncin kisa ce. Cikin watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance na jihar Damagaram, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A tsakiyar 2017 kuma waɗansu 44, cikinsu har da 'yan Nijeriya da 'yan Gana, suka mutu ta wannan hanya tsakanin Agadas da Dirku. Dokar hana safarar baƙin haure da Nijar ta kafa a 2015 ta sa direbobi da yawa suka riƙa kauce wa rijiyoyi da sanannun hanyoyi don gudun kamu, inda mota in ta tsaya babu mai wucewa ya gan ta. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023, amma hamada ba ta sauya hali ba. Darasin da ke ciki ga kowane mai akori-kura shi ne, a wurin da babu taimako, motar da ba ta lalacewa ta fi motar da ke iya hawa ko'ina. Duk wani baƙon ƙarfe da aka ɗaura wa mota, wanda babu irinsa a kasuwar garin da ke kusa, ƙarin abin lalacewa ne.

INDA YA KAMATA KUƊI SU FARA SHIGA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai motar da ke da kuɗi ƙayyadaddu, abin da ya fi masa shi ne ya fara mai da motar lafiyarta ta asali: lagireto mai tsabta, fanbel da tiyo sababbi, boris da bushi da birki masu kyau, da man giyabos da na ogzileri da na aksil biyu. Bayan wannan sai tayoyi masu ƙwarin gefe, a tsawonsu na asali ko ƙari kaɗan, da safiya biyu, da famfo da ma'aunin iska. Sa'an nan kayan ceto, watau shebur, da igiyar ja mai ƙarfi, da faranti biyu na shimfiɗa wa taya, da jak da katakon da zai zauna a kai. Igiyar nan kuwa a jikin ƙugiyar shasi ake ɗaura ta, domin abin da aka ɗaura a bamba ko a ƙwallon jan tirela in ya fizge yakan tashi kamar harsashi.

Mai ƙetare rafuka yana da ƙarin aiki biyu. Kowane aksil yana da ɗan hancin da yake shaƙar iska. Aksil mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi sai ya zuƙi ruwa ta wannan hanci, man ya koma fari kamar nono, haƙora su lalace. Ɗan tiyo mai araha da za a ja daga hancin zuwa saman inji ya raba wannan gardama. Na biyu shi ne bututun shaƙar iska da ake ɗaurawa a gefen gilashi, wanda ke hana inji shan ruwa, yana kuma rage masa ƙura. Duk da haka Hilux ta zamani ruwan da bai wuce milimita 700 aka yarda ta shiga ba, kuma ruwa mai gudu yakan ɗauke mota tun bai kai haka ba. Direban kirki yakan sauka ya auna da sanda, ko ya tambayi mutanen gari, ko ya jira ruwa ya janye.

Sai bayan an gama waɗannan duka ne za a yi maganar farantin kare cikin mota, da makullin aksil na baya, da sifirin da shokazoba waɗanda aka auna da ainihin nauyin da motar ke ɗauka, da ɗagawar da ba ta wuce inci 2 ba. Manyan tayoyi da sauyin haƙora su ne na ƙarshe, kuma mafi yawan masu akori-kura har su rabu da motarsu ba za su bukace su ba. Wanda ya yi gyara babba kuma ya kyautu ya kai motar ga jami'an duba lafiyar motoci, ya sanar da kamfanin inshorarsa, domin kada ranar tsautsayi a ce motar da aka yi wa rajista daban, wadda ta yi haɗari daban.

Bakanike kuma yana da nasa haƙƙin. In mai mota ya zo da buƙatar da za ta jefa fasinja cikin haɗari, faɗa masa gaskiya ya fi karɓar kuɗinsa, domin mutanen da za su hau bayan motar nan ba a yi shawara da su ba, kuma su ne ba su da bel, ba su da rufi. Tambayar da ta kamata a fara yi a gareji ita ce wace hanya motar za ta bi, kaya nawa za ta ɗauka, kuma in ta tsaya wa zai kawo mata ɗauki. Amsar waɗannan uku ita za ta nuna ƙarfen da za a saya da wanda za a bari a kanti.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba zafin inji a lokacin bazara, da yadda ake gane lagireton da ya toshe tun bai ƙona gasket ba.